Ƙanena, kar ka bar kulob ɗin rediyon nan

Salam ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce ka gama kwalejin fasaha ta Kaura Namoda ka samu gurbin karatun lantarki a Ingila, kuma ka ga a jerin kulob-kulob na makarantar akwai na ham rediyo, wato masu sha'awar magana da juna ta na'urar rediyo, kana tambaya ko ɓata lokaci ne. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne, da ka sauka ka je ka rubuta sunanka.

Ni abin da ya kai ni shi ne satumban 2021, lokacin da aka katse sabis a Zamfara gaba ɗaya, ina nan Ingila ina ta danna lambar Inna a Gusau ba ta shiga, sai ka jira wani ya yi tafiya har Funtuwa kafin ka ji lafiyar gida. Cikin wanga hali na faɗa wurin wasu dattawa 'yan kulob ɗin rediyo da ke haɗuwa duk daren laraba, akasarinsu sun yi ritaya, na ga mutum da zaren waya guda na eriya da ya rataya a bishiya yana magana da Italiya a kan zangon rediyo na mita 20, ba sim ba data, sai batir da eriya. Ranar na daɗe ban yi barci ba.

Shiga ba wuya. Matakan lasisin ukku ne, Foundation, Intermediate da Full. RSGB, ƙungiyar masu ham rediyo ta Birtaniya, ke yin jarabawar, ta farko tambaya 26 ce ka ci 19, a ɗakinka ma kana iya yinta ta intanet, sannan Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, ta ba ka lasisi da lambar kira taka. Kai da ka san dokar Ohm ta lissafin lantarki sati kaɗan ya ishe ka. Kar ka yi saurin sayen kaya, kulob na da nasu, ƙaramar oba-oba ta Baofeng ta isa farawa.

Abin da ya fi mini daɗi, a aji lissafin eriya ake yi a allo, a kulob kuwa kai za ka yanke wayar, ka liƙe da dalma, ka auna, ta ƙi, wani tsoho ya nuna maka inda ka kuskure yana zuba maka shayi. Turancina ma can ya saki. Akwai kuma QO-100, tauraron ɗan Adam na Katar da aka harba 2018, masu ham rediyo na magana ta cikinsa, yana isa Afirka duka, kullum kunnena na neman lamba mai farawa da 5N don ita ce ta Najeriya, ba kasafai nike jinta ba kuma abin na ci mini rai.

Amma don Allah ka ji wannan da kyau: lasisin Ingila ba ya aiki a gida. Kar ka kuskura ka jefa oba-oba a jaka in za ka hutu, ka san yadda shingayen hanyar Gusau suke da abin da za a ɗauke ka in an ganta, bayani ba zai fisshe ka ba. Ka bar ta nan sai ka samu takardar hukumar gida.

In ka iso ka kira ni in raka ka ranar farko. Ka gaishe da su Baba.