Hukuncin Sana'ar Rubuta Labarin Fim da Zama Furodusa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Unguwar Rogo ne a Jos, na yi karatu a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke nan garin, kuma shekara 6 ke nan ina rubuta wa masu shirya fim labari suna biyana. Yanzu ina so in shirya nawa fim mai dogon zango in ɗora a YouTube. Wani Alhaji zai ba ni naira miliyan 5 bisa sharaɗin in mayar masa da miliyan 6 bayan shekara, ko fim ya yi kasuwa ko bai yi ba. Mahaifina kuma ya ce kuɗin ƙirƙirar labari kuɗin ƙarya ne, har buhun shinkafar da na kai gida ya sa aka dawo mini da shi. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri bisa tsantseninsa, domin wanda ya mayar da buhun shinkafa a wannan zamani saboda tsoron haram ya cancanci a amsa masa da hujja cikin ladabi.

Ƙarya a shari'a ita ce ka ba da labarin abu saɓanin yadda yake, kana nufin mai sauraro ya ɗauke shi gaskiya. Ƙagaggen labari kuwa, da marubucinsa da mai kallonsa duk sun san misali ake bugawa, ba wanda ya yaudari wani. Ka tuna wa Baba littafin Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni: Abu Zaidis Saruji da Harisu ɗan Hammamu mutane ne da marubucin ya ƙirƙira, amma malamanmu na Malikiyya sun karanta shi, sun karantar, ba su kira shi ƙarya ba. Gaskiya ne akwai waɗanda suka haramta wasan kwaikwayo ɗungurungum, irin su Shaikh Bakar Abu Zaid wanda ya yi littafi sukutum a kai, kuma daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Abu Dawuda da Tirmizi mai yin alkawarin azaba ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne hadisin yana magana ne a kan wanda ya gabatar da ƙaryarsa a matsayin abin da ya auku. Saboda haka rubutun da kansa halal ne, ladansa ma halal ne, matuƙar abin da ke cikinsa bai ƙawata alfasha ba, bai yi izgili da addini ba, bai kuma nuna Annabawa ko Sahabbai a siffar ɗan wasa ba.

Inda nake ji maka tsoro shi ne kujerar furodusa. A da kana miƙa takarda ka karɓi kuɗinka ka koma gida. Yanzu kai ne mai ɗaukar darakta, kai ne mai zaɓen jarumai, kai ne mai kama ɗakunan kwana idan an fita lokeshin wajen duwatsun Shere ko Rayfield an kai dare, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce kowannenku makiyayi ne, kowa abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo. Idan yarinya ta baro gidan iyayenta ba da saninsu ba ka sa ta a fim, ko namiji da mace suka keɓe a ɗakin kwalliya, ko aka bar Azahar ta wuce don kada hasken rana ya gushe, kai za a fara tambaya. Haka nan idan jarumin da jarumar mata da miji ne a zahiri, kada ka rubuta masa furucin saki gare ta, domin hadisi ya zo cewa aure da saki da kome, gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne; ko da wasu malamai sun ɗauki wannan a matsayin hikaya, fita daga saɓani ya fi. Kuma ka biya mai riƙe fitila da mai dafa abinci haƙƙinsu a ranar da kuka yi alkawari, kai da ka san zafin jiran kuɗin rubutu.

Sharaɗin Alhaji kuwa ba ya halatta ko kaɗan. Miliyan 5 da za a dawo da ita miliyan 6 a kowane hali bashi ne da ya jawo amfani, wannan kuwa riba ce, wato kuɗin ruwa, ko da an kira ta zuba jari. Hanyar da ta inganta ita ce ku yi yarjejeniya a kan rabon ribar da fim ya kawo ta kaso sananne, kamar rabi da rabi ko sulusi, idan kuma aka faɗi ba da sakacinka ba, shi ya yi asarar dukiyarsa, kai ka yi asarar wahalarka. Ku rubuta wannan da shaidu, ku fayyace wanda ya mallaki tashar da labarin, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar rubutu dukiya ce da shari'a take karewa. Idan Alhaji ya ƙi, ka bar masa kuɗinsa, ka fara da gajeren fim gwargwadon aljihunka.

Game da mahaifinka, ka ɗauki labari ɗaya daga cikin waɗanda ka rubuta, wanda ba za ka ji kunyar karanta shi a gabansa ba, ka zauna ka karanta masa bayan sallar Isha'i, sannan ka nuna masa wannan amsa. Idan duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, kada ka matsa masa ya ci, ka ci gaba da yi masa hidima da jikinka da ziyara. Wallahu a'alam.