Tambayoyin Masu Karatu: Wane Mai Zan Zuba a Giyabos?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Motata mai giyar hannu ce, ta yi kilomita 140,000, kuma tun da na saye ta ban taɓa canza man giyarta ba. Yanzu da safe giya ta biyu sai na danna da ƙarfi take shiga. Mai sayar da mai ya ce in ɗauki GL-5, wai ya fi GL-4 tunda lambarsa ta fi girma. Haka ne? Kuma zan iya canzawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye wannan GL-5 ɗin tukuna. Lambar ba matsayi ba ce irin na ajin makaranta, aikinsu ne ya bambanta. GL-5 an yi shi ne musamman don aksil ɗin baya, inda haƙora ke gugar juna da matsi mai tsanani, shi ya sa aka cika masa sinadaran farar wuta da fosforas. A cikin giyabos kuwa akwai zobba, galibi na tagulla, waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Su da ɗan kamu suke aiki. Mai ya yi santsi fiye da kima, zoben ya kasa kamawa, sai ka ji ƙarar nan ta "gurrr". Wasu nau'o'in GL-5 ma a hankali suke cin tagullar. Akwai motocin da kamfaninsu ya yarda da shi, akwai kuma man da aka rubuta wa GL-4/GL-5 a haɗe, amma littafin motarka ne zai raba gardama, ba mai shago ba.

A littafin za ka ga kauri ma, kamar 75W-90 ko 75W-85. Lambar da ke zuwa kafin W, wato 75 ɗin, ita ce ke nuna yadda man ke gudu da sanyi, kuma ita ta shafi matsalarka ta safe. Kada ka ɗauka duk mota ɗaya ce: Honda na da nata man da take kira MTF, wasu giyabos ɗin hannu kuma man otomatik suke sha.

Canzawa ba wuya. Ka ɗan zagaya da motar man ya yi ɗumi, ka tsayar da ita a wuri mai daidai, a kan rami ko matokara masu ƙarfi. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne. Sannan abin da nake ta nanatawa: fara kwance notin zubawa na gefe kafin ka taɓa na tsiyayewa da ke ƙasa. Na ga wanda ya tsiyaye mai tas, ya zo kan na gefe ya tarar ya cije, sifana ta goge masa kai, mota ta kwana ba mai.

In ka ciro na ƙasan, duba bakinsa. Yawanci akwai maganaɗisu a jiki. Toka-tokar laka mai laushi da ta manne ba komai ba ce, goge ta. Amma in ka murza da yatsa ka ji gutsattsarin ƙarfe, ko ka ga man yana ƙyallin ruwan zinare, haƙoran giya ko zobban nan sun fara cinyewa. Sa sabuwar wosha, ka mayar da notin ƙasan ka ɗaure da hankali, domin jikin giyabos yawanci alminiyam ne, zarensa ba ya son ƙarfin tuwo. Ka tura sabon mai da tiyo ko ƙaramin famfo har ya fara ɗigowa ta ramin gefen. Ƙananan motoci kusan lita 2 suke ci.

Daga nan ka riƙa canzawa tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000, gwargwadon abin da littafin ya ce da irin wahalar da motar ke sha. In bayan mako guda giya ta biyun ba ta saki ba, kai wa bakanike ya fara duba kulocin, ko ba ya sakin injin gaba ɗaya, kafin a yi maganar sauke giyabos.