Amsa ga yaron da ya ce AI zai gyara kod ɗin daga baya

Ka tambaye ni, tunda AI mai rubuta kod irin Copilot ko Claude na iya zubo maka layi ɗari biyu cikin minti ɗaya kuma manhaja ta tashi, me ya sa nake dawo maka da aiki don kawai sunayen da ka sa ba su da kan gado, ko ka maimaita kod a wurare da yawa. To, ja kujera ka ji.

AI ba ya riƙe da manhajarka kaf a kansa. Fayilolin da ka miƙa masa, ko waɗanda ya buɗe a wannan zaman, su kaɗai yake gani, kuma abin da zai iya karantawa a lokaci guda yana da iyaka. Sannan abin da ya tarar shi yake kwaikwayo. In ya tarar da data da data2, zai haifa maka data3. Ƙazantar da a da sai ta yi wata shida kafin ta taru, yanzu mako guda ya ishe ta.

Ɗauki manhajar shago. A Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. A ce an rubuta 0.05 kai tsaye a wuri shida: wajen buga rasit, wajen rahoton wata, wajen mayar da kaya, da sauransu. Ka ce wa AI ya gyara. Ko dai ya gyara huɗun da ya gani ya ce maka an gama, ko kuma ya bi duk inda 0.05 yake ya canza, har da ragin kashi 5 da ake yi wa 'yan sari. Ba wanda zai tsayar da manhajar a cikinsu, sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa. Da an ajiye adadin a wuri ɗaya da suna VAT_RATE, fankishin ɗaya (guntun kod mai yin aiki guda) kuma yana lissafa harajin, gyaran layi ɗaya ne.

Suna kuwa, da shi kake yi wa na'urar magana ba tare da ka sani ba. Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, da kwabo yake karɓar kuɗi, wato naira 5,000 ana tura ta a matsayin 500000. In ka rubuta amount kawai, AI bai san ko an riga an ninka da 100 ba, sai ya sake ninkawa, a caji mutum naira 500,000 a kan kayan 5,000. Rubuta amount_kobo, magana ta ƙare. Kuma ka riƙa ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba, ban da mai ɗigo. Buga 0.1 + 0.2 a Python yanzu, 0.30000000000000004 zai ba ka.

Yadda za ka riƙa aiki da shi: ba shi abu ɗaya, ƙarami. Kafin ka karɓa, buɗe git diff, mai nuna layukan da aka canza, ka karanta kowane layi. In canjin ya wuce abin da za ka iya karantawa cikin minti goma sha biyar, aikin ya yi girma, raba shi. Layin da ba za ka iya bayyana mini shi da baki ba, kada ya shiga.

Gwajin pytest, wato kod ɗin da ke duba ko manhajar na aiki daidai, kai za ka tsara abin da ya kamata ya fito, tun kafin a rubuta kod ɗin. Ka sa ido sosai a nan, don in gwaji ya faɗi, wani lokaci AI gwajin yake gyarawa ya dace da kuskuren. Ko ya lulluɓe matsalar da try da except ya sa pass, wato ya ce wa Python ya kama kuskuren ya ƙyale shi, kuskure ya wuce shiru. Duba kuma ko ya liƙa abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, don ta nan ɓarayi ke shiga rumbun bayanai. In ya kawo sunan wani ƙunshin kod da ba ka sani ba, leƙa PyPI ko npm, rumbunan da ake ajiye irinsu, tukuna, yakan ƙirƙiri sunan da babu shi.

Maganar tazara da jera layuka, kada ka ɓata lokacinka ko nawa, bar wa Ruff ko Prettier, manhajojin da ke jera kod da kansu. Koma kan fayil ɗin jiya, fankishin ɗin nan mai layi 180 ka raba shi uku: mai karɓar oda, mai lissafi, mai buga rasit. In ka gama kawo in gani kafin la'asar.