Mai gyara ya ce in kashe sabuntawar Windows in huta

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista a Tudun Wada, Gusau, da kwamfuta 6. Makon jiya ɗaya ta kama sabunta kanta, tana tsaka aka ɗauke wuta, har yau ba ta tashi ba, ga aikin mutane a ciki. Mai gyara ya ce in kashe sabuntawar a sauran gaba ɗaya. In bi maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam, amma kada ka bi.

Tsoronka da hujja. Ranar 19 ga Yuli, 2024, gurɓatacciyar sabuntawa guda daga kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ta durƙusar da kwamfuta kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Taka kuwa ɗauke wuta ne ya same ta tana tsaka da sauya fayilolinta.

Wannan magana ta "kashe ka huta" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Da yawa cikin masu faɗinta Windows na bogi suke ɗora wa mutane, suna tsoron sabuntawa ta tona musu asiri. Wasu kuma a bakin maigidansu suka ji, suka riƙe kamar karatu. A sabuntawa ba ado ake ƙara wa kwamfuta ba, ɓaraka ake toshewa, kuma ranar da aka fitar da gyaran, ranar ɓarayin intanet ke sanin inda ɓarakar take. Muguwar manhajar nan WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta kulle fayiloli tana neman dala 300, ta bi ta ƙofar da Microsoft ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su ɗora ba su ta kama. Kai da kowa ke miƙo wa filashinsa, ga lambobin NIN da hotunan 'ya'yan mutane jibge a na'urarka? An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ko da mai gyaran ya sa maka manhajar riga-kafi (antivirus) ta kyauta, ba za ta toshe wannan ɓarakar ba.

Kai za ka zaɓar wa sabuntawar lokaci. Microsoft na sakin gyaransa Talata ta biyu a kowane wata. Bar kwamfuta ɗaya ta fara karɓa, ka dakatar da sauran (Windows na ba da dama har mako 5). In ta yi kwana uku lafiya, firinta na bugawa, sai ka saki sauran bayan an tashi aiki, a kan UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ko janareta. Kafin nan kwafe aikin mutane a wani faifan.

Ka kuma duba ko Windows 10 ce a kansu, don tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba, 2025.