Tambaya da Amsa: Jihar Arizona

Tambaya: Malam, ƙanena ya samu gurbin karatu a Arizona. Wace irin jiha ce, kuma mene ne tambarinta?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi sa'a. Arizona tana kudu maso yammacin Amurka, babban ɓangarenta hamada ce, babban birninta Finiks. Ta zama jiha ta 48 ranar 14 ga Fabrairu, 1912. A tsakiyar tutarta akwai tauraro mai launin jan ƙarfe, don can ake haƙo mafi yawan tagullar Amurka. Ni dai abin da ya fi burge ni furen jihar ne, na saguwaro, wata doguwar itaciya mai ƙaya. Fari ne tas, da daddare yake buɗewa, kafin yammacin washegari ya rufe. Ki ce masa ya riƙa yawo da ruwa, zafin Yuli can ya kan wuce digiri 40.