Tura zirga-zirgar manhajojin waya ta bututun SSH

Tambaya: Malam, ina da sabar Linux da nake haya. Na haɗa wayata ta Android da ita ta SSH (hanyar shiga sabar daga nesa a ɓoye) don zirga-zirgar wayar ta riƙa bi ta sabar, an ce haɗin ya yi, amma da na duba adireshin IP ɗina sai na ga na kamfanin layina ne har yanzu. Ina matsalar take?

Amsa: Haɗin naka lafiyarsa ƙalau. Ƙofa ce ka buɗe, amma ba ka nuna wa ko manhaja ɗaya ita ba, shi ya sa kowace ke bin tsohuwar hanyarta.

A cikin Termux, manhajar rubuta umarnin Linux a Android, ka rubuta `pkg install openssh`, sannan:

`ssh -D 1080 -N suna@adireshin-sabar`

Harafin `-D` shi ke buɗe furoksin SOCKS, wato ɗan aiken da ke karɓar buƙatun manhajoji ya tura su ta bututun SSH, a cikin wayar kanta, a 127.0.0.1 (adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi), ƙofa mai lamba 1080. `-N` kuwa cewa yake ba ka son gudanar da wani umarni a sabar, bututun kawai kake so. A ɓangaren sabar ka tabbata `AllowTcpForwarding` bai koma `no` ba a fayil ɗin `/etc/ssh/sshd_config`.

Daga nan hanya biyu ce. Manhajar da ke da gurbin SOCKS5 a saitunanta, kamar Telegram, sai ka rubuta mata 127.0.0.1 da 1080, shi ke nan. Amma yawancin manhajoji ba su da wannan gurbi, kuma gurbin furoksi na saitin Wi-Fi a Android na HTTP ne, ba ya jin yaren SOCKS. Mutane da yawa nan suke ɓata yini guda. Abin da kake buƙata shi ne manhaja irin SocksDroid, wadda ke amfani da VpnService, tsarin da Android ya zo da shi tun sigar 4.0. Tana kwashe duk abin da wayar ke fitarwa, ta miƙa wa tun2socks, ƙaramin shirin da ke mai da shi yaren SOCKS, shi kuma ya zuba shi ƙofar 1080.

Ga tarkon: sai ka cire Termux daga jerin manhajojin da VPN ɗin SocksDroid ke kwasa. In ba haka ba, haɗin SSH ɗin kansa zai nemi bi ta cikin bututun da shi ne ke riƙe da shi, komai ya tsaya cak.

Tambaya: Shafuka suna buɗewa, amma kiran murya da wasannin intanet ba sa tafiya.

Amsa: Furoksin da OpenSSH ke buɗewa TCP kaɗai yake ɗauka, wato hanyar aika bayanai mai tabbatar da isar kowane ƙunshi a jere. Kiran murya da bidiyo da yawancin wasanni UDP suka fi so, hanyar da ba ta jiran tabbacin isa, haka ma tambayar DNS (neman adireshin IP na sunan shafi) ta asali a ƙofa 53. Chrome da YouTube suna fara gwada QUIC, wanda shi ma UDP ne, amma in ya ƙi sukan koma TCP, don haka ba ka lura ba.

Maganin da aka saba shi ne sanya `badvpn-udpgw` a sabar, yana saurare a 127.0.0.1:7300, ka kuma rubuta wannan adireshi a gurbin UDP na manhajar wayar. Zai yi aiki, sai dai muryar kan yi tsalle: komai yana layi ne cikin haɗin TCP guda, in ƙunshi ɗaya ya ɓace saboda raunin sabis, na bayansa duk sai sun jira a sake turo shi. In kira ne babbar buƙatarka, WireGuard, wani tsarin VPN, ya fi dacewa, tunda a kan UDP aka gina shi.

Ka kuma duba DNS. In manhajar ba ta tura shi ta bututun ba, kamfanin layinka yana ganin sunan kowane shafi da ka nema.

Tambaya: Da allon waya ya mutu sai haɗin ya yanke.

Amsa: Tsarin tattalin batir ne, wato Doze, da ya shigo tun Android 6.0. Ka cire Termux daga takurar batir, ka gudanar da `termux-wake-lock`. Ka ƙara `-o ServerAliveInterval=30 -o ServerAliveCountMax=3` don SSH ya riƙa taɓa sabar duk daƙiƙa 30, in sau uku shiru ya rufe kansa; in ta shirin `autossh` ka tayar da haɗin, sai ya sake ɗaurawa. Sauyawa daga Wi-Fi zuwa data ma yana yanke shi, domin adireshin wayar ya canza.

Tambaya: Asusun SSH na kyauta da ake rabawa a guruf-guruf tare da fayil ɗin saitin manhajar HTTP Injector fa?

Amsa: Ɓoyewar SSH tana ƙarewa ne a sabar. Mai sabar yana ganin inda kake zuwa, kuma duk abin da ba HTTPS ba yana iya karanta shi har ya sauya shi. Fayil ɗin da aka kulle kuwa ba ka ma san wace sabar yake kai ka ba. Kada ka buɗe manhajar banki a kansa. A taka sabar, ka ƙirƙiri makulli da `ssh-keygen -t ed25519`, ka kai shi da `ssh-copy-id`, ka gwada shiga da shi, sannan ka mai da `PasswordAuthentication` zuwa `no`, domin ƙofa 22, wadda SSH ke saurare a kanta, ba ta rabuwa da masu gwada kalmar sirri dare da rana.