Abin da ya sa ƙwayarka ta watse da wuri

Ɗana, na ga tambayarka, wai ka haɗa ƙwayar magani da sitacin rogo da ƙaro, kana jefa ta a ruwan gwaji ta watse nan take, alhali irin su metformin XR na masu ciwon suga sai su yi awanni suna sakin magani kaɗan kaɗan. To ai sitaci aikinshi kenan, yana shan ruwa ya kumbura ya fasa ƙwaya, shi yasa muke zuba shi a farasitamol don ya yi aiki da sauri. Ƙaron dakwara kuma manne gari yake yi, amma narkewa gare shi, ba ya kauri sosai, shi kaɗai ba zai riƙe maka magani ba.

Abin da kake nema shine wanda in ruwa ya taɓa shi zai yi yauƙi mai kauri ya lulluɓe ƙwayar, cikinta na nan a bushe, maganin sai ya ratso ta cikin yauƙin nan a hankali, bayan ƙwayar na zaizayewa ruwa na ƙara shiga ciki yana yin sabon yauƙi, haka har ta ƙare. A masana'anta wani gari mai yin yauƙi da ake kira HPMC aka fi sawa, daga ɓargon itace ko auduga ake samo shi. Akwai guar, garin wani irin wake mai yauƙi, akwai fektin na ɓawon lemu, shi fektin ma ciki baya iya narkar da shi sai ya kai babban hanji ƙwayoyin bakteriyar wurin su cinye shi, shi yasa ake gwada shi a maganin da ake so ya sauka can.

Nan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sun yi bincike kan ƙaron kashu da yauƙin kuɓewa, kuma wallahi abin na burge ni, kayanmu ne. Amma kar zumuɗi ya ɗebe ka, ƙaron bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba, ga danshin Kumasi da damina, in baka tace ka busar da kyau ba fumfuna zai kama shi. Kuma in yauƙin ya gaza, maganin yini guda ya zube a jikin mai hawan jini lokaci ɗaya, rai ake magana. Dalilin da yasa muke hana mutane daka irin ƙwayar nan ko tauna ta kenan.

Gobe in Allah ya kaimu ka rage sitacin, ka yi haɗi uku da guar, kowanne da yawanshi daban, ka sa a injin gwaji a zafi digiri 37 irin na jikin mutum, ruwan asid irin na ciki tukuna sannan mai ma'aunin asid (pH) 6.8 irin na hanji, ka riƙa ɗiba duk awa kana rubutawa. Ka kawo min littafin bayan la'asar mu duba tare.